Rakiya na je asibiti, awon jinina ya nuna 168 bisa 104

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum mutanen gida. Ina da magana, ku yi haƙuri da tsawonta.

Ranar Talata na raka surukata asibiti. Ita ce marar lafiya, ni 'yar rakiya ce kawai. Muna zaune a benci, ma'aikaciyar jinyar da ta gama auna ta ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ke ma miƙo hannunki." Na ce ai lafiyata ƙalau. Ta ce idona bai nuna haka ba. Ta ɗaura min abin awon, ya matse ya saki, ta yi shiru, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. 168 bisa 104. Ta ce in dawo Alhamis. Na koma, 162 bisa 100. Likita ya ce hawan jini ne, ya ɗora ni a kan magani.

Shekarata 41, ɗinki nake yi a gida. Wata uku ke nan ƙeyata tana sara min, sai in haɗiyi farasitamol biyu in koma kan keke. Ina tashi ƙarfe huɗu da rabi, ruwan wanka, abin kari, shirya 'yan makaranta. Wuta ba ta zuwa unguwarmu sai wajen sha ɗayan dare, to nan ne nake guga da sauran aiki, ban cika kwanciya kafin ɗaya da rabi ba. Likita ya ce yaushe rabona da barcin awa bakwai, na kasa tunawa. Da zan fito ya ce, "Ki kula da kanki." Tun a cikin adaidaita nake juya maganar nan. Ta yaya? Da wane lokacin?

Don Allah ku faɗa min abin da kuke yi wa jikinku kullum. Ba na masu hali ba, wanda irina za ta iya.

Auta:
Subhanallahi. Allah ya ba ki lafiya Anti. Wallahi kamar labarin Ummanmu kike bayarwa.

Kawu Na Fagge:
Allah ya ƙara sauƙi 'yata, ya sa kaffara ne. Amma bari in faɗi abin da ke raina. Wannan "kula da kai" da ake ta yayi yanzu, iyayenmu ba su san shi ba. Mahaifina ya haura 90, bai taɓa ɗaura abin awo a hannu ba. Tuwon dawa, miyar kuka, fura da rana, shi ke nan. Yanzu an cika mu da tsoro, kowa da lambar da yake ɗauke da ita a ka. Wani lokacin tsoron ne ma ke kawo ciwon.

Sista Ta Zariya:
Kawu, Allah ya ji ƙan Baba. Amma ka duba rayuwar tasa da kyau. Da ƙafa yake zuwa gona ya dawo. Ana idar da isha'i ya kwanta, babu waya babu talabijin. Miyarsa daddawa ce ba dunƙule huɗu ba. Lemon kwalba sai dai ko a biki. Ai shi ne ya fi kowa kula da kansa, suna ne kawai bai sa wa abin ba.

Sannan akwai tsararrakinsa da ba mu lissafawa. Wanda aka ce ya faɗi a banɗaki, wanda aka wayi gari bakinsa ya karkace aka ce iska ce ta buge shi. Da yawansu hawan jini ne, ba a auna ba ne kawai. Shekarata 17 ina aikin jinya, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne ciwon nan ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke da shi ba su san suna da shi ba. Mutum na cin kasuwarsa, yana dariya, jini kuwa yana ta ɓarna a zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa.

Maman 'Yan Biyu, wadda ta ce ki miƙo hannu ta yi miki babban alheri. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya haura a ranaku biyu daban-daban, to hawan jini ne, shi ya sa ta ce ki dawo. Ki riƙe maganinki kullum, lokaci ɗaya. Sai mu fara daga tukunya, tunda ke ce mai ita.

Gishirin da babban mutum ya kamata ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke ɓoye a burodi, taliyar 'yan yara, kifin gwangwani da yajin tsire. Dunƙulen nan da muke marmasawa, gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Sai ki ga an sa gishiri, an sa dunƙule uku, an ƙara farin magi, an kuma kawo yaji mai gishiri a gefe. Kada ki yanke gaba ɗaya, gidan zai yi miki bore. Ki rage ɗaya wannan makon, ki ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Kanwa ma ki ja baya da ita, ita ma tana ɗauke da sinadarin nan na sodiyam da ke cikin gishiri. A nan Zariya tun shekarun 1970 likitoci suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin da ake gasa su da shi.

Hajiyar Zango (Kumasi):
Ƙanwata sannu. Ni shawarata kada ki sabar wa jikinki ƙwayar asibiti, in kin fara ba a dainawa. Ki jiƙa zoɓo ba sukari, ki riƙa haɗiyar tafarnuwa da safe. Na san mata da yawa a nan da suka rabu da shi ta haka.

Sista Ta Zariya:
Hajiya, da girmanki, amma a nan ba zan yi shiru ba. Zoɓo marar sukari abu ne mai kyau, an gwada an ga yana ɗan sauke jini. Ɗan kaɗan. Ba zai sauko da 168 zuwa inda ake so shi kaɗai ba. Ta sha zoɓonta, ta gaya wa likitanta tana sha, amma kada ta ajiye magani. Kuma ba maganin ne ke sa jiki ya saba ba. Ciwon ne ba ya tafiya, maganin yana danne shi, ranar da aka ɗaga hannu ya miƙe.

Direban Tirela:
Hajiya ki yi haƙuri, ni ganau ne. Abokin aikina, tare muka yi yaran mota. An ba shi magani ya sha wata biyu, ya ji garau, ya ce ya warke ya koma jiƙe-jiƙe. Muna Tafa da daddare muna cin abinci, cokali ya faɗi daga hannunsa. Na ɗauka gyangyaɗi ne. Da ya buɗe baki zai yi magana sai na ga gefe ɗaya ya zube, maganar ba ta fita. Yau shekara uku, sai an kama shi yake zuwa masallaci, 'ya'ya takwas.

Tun daga ranar na canza. Na daina shan haɗin nan da ake ƙulla mana a leda a tasha, ja da fari da ruwan ɗorawa, wai maganin gajiya, ba ka ma san abin da ke ciki ba. Na daina lemon ƙarfin nan na gwangwani. In barci ya zo sai in faka in kwanta, ko mai kaya zai yi ta kira. Duk inda na tsaya salla sai na zagaya motar sau biyar ina miƙe ƙafa da baya. Ba wani abu ne babba ba, amma ciwon bayan da ya dame ni shekaru ya ragu sosai.

Sista Ta Zariya:
Malam Direba, Allah ya saka. Kowa ya riƙe alamomin nan: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu a gefe ɗaya, magana ta sarƙe. Asibiti nan take, kada a tsaya shafa mai ko ɗura wa mutum ruwa, zai iya shaƙewa. Haɗin ledar nan kuma sau da yawa akwai dikulofenak ko ibufurofen a ciki, suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna ƙara hawan jini. Shi kansa farasitamol, kada babba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini, hanta ce ke biya.

Hajiyar Zango (Kumasi):
To na ji. Ni dai alheri na nufa. Ta sha maganin, amma zoɓon ma kada ta bari.

Malamin Islamiyya:
Allah ya ba ki lafiya Malama. Ina so in taɓa wani gefe, don na lura da yawanmu muna jin kamar hutawa laifi ne. Abdullahi ɗan Amr ɗan As, Allah ya yarda da su, ya kasance yana azumi kullum yana raya dare duka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya ce masa jikinka yana da haƙƙi a kanka, idonka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka. Hadisin yana cikin Buhari. To in ibada ba ta zama hujjar zaluntar jiki ba, ina ga ɗinkin sallah?

Ku duba aya ta 58 a Suratun Nur. Lokuta uku aka ce yara su nemi izini kafin su shigo: kafin sallar asuba, da lokacin da kuke tuɓe tufafi saboda zafin rana, da bayan isha'i. Ke nan hutun tsakar rana abu ne da aka san shi har aka kafa masa ladabi. Mu ne muka watsar da ƙailula muka mai da ita lalaci.

Auta:
Allah gafarta Malam, maganarka gaskiya ce, amma maza ya kamata ka yi wa wa'azin nan. Mace ta kwanta da rana a gidan Bahaushe? Kafin la'asar an ce son jiki ne da ita. Ummanmu tana zazzaɓi take tuƙa tuwo, don ta san in ta kwanta ba wanda zai taɓa murhu. Yayyena maza uku suna zaune suna danna waya. Anti ta ce da wane lokacin za ta huta, amsar ita ce lokacin yana hannun mutanen gidanta, su ne za su sakar mata shi.

Ɗan Kwari:
Auta, a yi mana adalci. Mu ma ba hutun muke ba. Namiji ya fita tun safe, kuɗin makaranta, haya, cefane, duk a kansa, kuma ba shi da wanda zai gaya wa ya gaji. A layinmu kaɗai mutum biyu suka yanke jiki suka faɗi a shago bara.

Auta:
Yaya ban ce ba kwa wahala ba. Amma kai in ka dawo ana kawo maka ruwa da abinci. Ita wa ke kawo mata?

Malamin Islamiyya:
Auta ta faɗi gaskiya, kuma na karɓa. An tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Ni kaina sai da matata ta kwanta asibiti na koyi dafa shayin yara da wanke musu kayan makaranta, kuma na ji kunyar daɗewar da na yi ban koya ba. Malama, ki zaunar da maigidanki ki nuna masa takardar asibitin. Wasu mazan ba mugunta ba ce, ba su gani ba ne, don kun saba ɓoye gajiya.

Ɗan Kwari:
Shi ke nan, na sauka. Bari in faɗi nawa. Ni sukari ne matsalata. Shayin safe wurin mai shayi, ludayin sukari da madarar gwangwani, da rana lemon kwalba mai sanyi, da yamma a majalisa a dafa ataya zagaye uku. Wani ɗan'uwana mai ciwon suga ya sa na lissafa. Robar lemo ɗaya mai santilita 50 sukarin cikinta ya haura cokalin shayi 10, alhali abin da ake so babba kada ya wuce a yini duka kimanin cokali 12 ne, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Ni kafin azahar na ninka. Yanzu lemo sai Juma'a, shayi cokali ɗaya.

Tafiya kuma tsadar mai ce ta koya min. Da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 na fara sauka a Ƙofar Mata in ƙarasa kasuwa da ƙafa, don rage kuɗin mota. Yanzu ko da kuɗi a aljihuna sai na taka.

Sista Ta Zariya:
Ɗan Kwari ka dace. Minti 150 a mako ake nema na motsin da zai sa ka ɗan yi haki, wato minti 30 sau biyar. Ba sai a tashi ɗaya ba, goma-goma ma ya yi. Maman 'Yan Biyu, ke da ke zaune a kan keke yini guda, duk bayan awa ɗaya ki miƙe ki zagaya tsakar gida. In da hali ki raka yara Islamiyya da ƙafa.

Ɗiyar Damagaram:
Sannunku. Yaya, Allah ya ba ki lafiya, mu nan tansiyon muke ce masa. Ba wanda ya yi zancen ruwa. Ni a kasuwa nake saida kayan miya, kuma na daɗe ina ƙin shan ruwa da gangan, don babu makewayi mai tsabta kusa da mu. Sai in wuni da ƙishi, fitsari ya yi ja kamar shayi, kai na ciwo. Mata da yawa haka suke yi, ba sa faɗa ne. Sai da ciwon mara ya kai ni likita na hankalta. Yanzu na shirya da wata tsohuwa mai gida bayan kasuwa, ina shiga wurinta, ni kuma in ɗan kai mata tumatir. Gorata tana gefena, na naɗe ta da tsumma mai jiƙa don ta yi sanyi. Ma'aunina launin fitsari, in ya yi duhu na san ban sha ba.

Zafin bazara ba abin wasa ba ne. A watan Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, tsofaffi da yawa suka rasu a ƙasar. Mu ma nan watan huɗu sama da 40 muke wuni. Daga azahar zuwa la'asar ina rufe kayana da buhu in jingina a inuwa ko minti ashirin ne. Cinikin da zai wuce ni a lokacin ba shi da yawa.

Kawu Na Fagge:
To ai kun dawo kan maganata. Ƙailula, tafiya da ƙafa, daddawa, ruwan randa. Duk na iyayenmu ne. Ni dai har yanzu ban ga dalilin da mai lafiya zai riƙa zarya asibiti ba. Amma 'yata, ki riƙe wannan: ki ci tuwon dare da wuri, kada ki cika ciki. Kashi ɗaya abinci, kashi ɗaya ruwa, kashi ɗaya numfashi, haka ya zo a hadisi.

Sista Ta Zariya:
Kawu ba zarya ba ce, ko sau ɗaya a shekara ne, kuma manyan kemis da yawa suna aunawa. Ina nan ina jiran lambarka.

Tsohon Tela:
Na karanta duka. 'Yar'uwa, shekara 30 na yi a kan keke, bari in gaya miki abin da ba wanda ya faɗa. Ba gishiri ne kaɗai ke cin tela ba, "to" ce. Kowa ya kawo kaya ki ce to. Kin san ba za ki gama ba, amma kunya da tsoron kada ciniki ya koma wani wuri sun hana ki cewa a'a. Sai ki kwanta da alkawari goma a ƙirji, waya ta yi ƙara gabanki ya faɗi. Ƙarya nake?

Maman 'Yan Biyu:
Baba wallahi kamar kana ɗakina. Yanzu haka atamfa da leshi 23 ne a jibge, ga zubin adashe duk Asabar. Ko na kwanta lissafi nake. Wani lokacin in ɗauki waya in ce bari in ɗan duba Facebook hankalina ya kwanta, sai in ga biyu ta wuce.

Tsohon Tela:
To ki samu littafi. Ki auna kaya nawa kike iya gamawa a mako ba tare da kin raba dare ba, ki rubuta. In ya cika ya cika. Mai kawowa ki ce mata, "Hajiya sai ranar kaza, in kina sauri ga wance ta iya." Na yi tsoron haka shekaru, da na fara sai na ga masu kaya sun fi ganin girmana, don ranar da na faɗa ita ce ranar. Gugar dare kuma ki nemi dutsen guga na gawayi ki yi ta da yamma, kada ki bar masu wuta su tsara miki barci. Adashen in ya fi ƙarfinki, ana kwashe wannan zagayen ki rage hannu.

Auta:
Waya kuma Anti ki bar ta a falo. Ni agogon ƙararrawa na saya na daina kwana da ita, da na daina shayi bayan la'asar barcina ya dawo.

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum, na dawo bayan mako biyu. Yau 146 bisa 92. Likita ya ce in ci gaba da maganin, in koma bayan wata ɗaya.

Na nuna wa Abban yara takardar. Bai ce komai ba a ranar, amma washegari shi ya tashi yaran ya haɗa musu shayi, kuma ya sayo dutsen gugar. Kaya bakwai na mayar wa masu su. Biyar sun fahimta, biyu sun yi fushi, ɗaya ma ƙanwar maigidan ce, har yanzu ba ta amsa gaisuwata sosai, abin yana damuna. Dunƙule na koma biyu daga huɗu, yaran sun yi ƙorafi kwana uku suka manta. Barci ina samun awa shida, ban kai bakwai ba tukuna. Tafiyar ce ban fara ba, kullum sai in ce gobe.

Abin da ban zata ba, surukata. Ita da na raka. Yanzu bayan azahar takan shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofata, duk wanda ya yi sallama ta ce, "Tana hutawa, a dawo bayan la'asar."

Sista Ta Zariya:
Alhamdulillahi, ya fara sauka, amma da saura, kada ki saki. Ranar awo kada ki sha shayi ko ki ci goro minti 30 kafin nan, ki yi fitsari, ki zauna minti biyar bayanki a jingine, ƙafa a ƙasa, kada ki yi magana ana aunawa. Ki riƙa rubuta lambobin a bayan littafin ɗinkin. Tafiyar kuma ki nemi maƙwabciya ku riƙa fita tare, ta fi ɗorewa. Ki gaida min Inna.

Mai Gadin Dare:
Salamu alaikum, yanzu na ga zancen nan. Sista, mu da muke kwana a zaune fa? Ina tashi aiki shida na safe, gida kuma yara da hayaniya, barcin bai wuce awa uku. Goro nake ci in hana ido rufuwa.

Sista Ta Zariya:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ma yau aikin dare gare ni, yanzu zan karɓi marasa lafiya. Ka rubuto min shekarunka, goro nawa kake ci a dare, da ko an taɓa auna jininka. In na sauka da safe zan amsa maka in sha Allah.